Ta ɗora wa Baffa zuciyar jikansa a tafin hannu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirya yara makaranta aka kira ni, wai Binta ta rasu. Dakta Binta 'yar Falgore. Hatsarin mota jiya da yamma, tana komawa Kano daga gida.

Tun lokacin na kasa zama. Na ɗora tukunya na sauke, na fita tsakar gida na dawo. Har lambarta na kira, ni kaina ban san me nake son ji ba.

Ga wanda bai san ta ba, ƙawata ce tun sakandare, gadonta a sama nawa a ƙasa. Ni na dawo Karaye ina koyarwa, ita ta zama likitar zuciyar yara.

Ɗana Ammar da huda a zuciya aka haife shi. In ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna, leɓensa ya yi baƙi. Likitoci suka ce sai an yi aiki. Baffa, surukina, ya ce atafau ba mai tsaga ƙirjin jikansa yana raye. Baban Ammar kuwa ba ya tsallake maganar mahaifinsa. Na yi kuka har na gaji.

Binta ta ce in bar mata.

Ta ɗauki hoton sikan ɗin Ammar, aka sa a wata na'ura da suke ce wa firinta 3D, na'urar ta fitar da zuciyarsa da roba, girmanta da fasalinta sak yadda take a ƙirjinsa. A kan irinta likitocin tiyata suke gwada aikin kafin su taɓa yaro.

Wata Asabar da damina sai ga ta a Kwanyawa, garin su Baffa, takalminta duk taɓo. Ta durƙusa ta gaida Baffa da matarsa Inna, ta tambayi gona da shanu, ta shanye furar da aka kawo mata. Sannan ta buɗe jaka ta ɗora masa abin a hannu.

"Baffa, ga zuciyar Ammar."

Ta buɗe ta gida biyu ta nuna masa. Ya sa ƙaramin yatsansa a hudar, ya ce, "Yanzu 'yar wannan ce take hana yaron nan gudu?"

"Ita ce, Baffa. Faci za a yi mata, kamar yadda Inna take ɗinke ƙwarya."

Ya daɗe yana jujjuya ta. Can ya ce, "To. Allah ya sa a yi a sa'a."

Wallahi abin da muka kasa mu duka, ita ta yi shi tana dariya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne a asibiti. Na ce mata tsoro nake ji. Ta ce a kan robar nan ma sun gano wata jijiya ta ratsa inda suka so shiga, har sun sauya hanya. Ta kama hannuna ta ce, "Hajara, ba ni zan riƙe wuƙa ba, amma ina ciki. Da an gama ni zan fito in gaya miki. Ke dai ki taho min da ƙuli-ƙuli."

Aikin mako mai zuwa ne.

Ɗazu ɗaya daga cikin likitocin ya kira ni, ya ce ba abin da zai canja, duk abin da ta shirya yana hannunsu. Na gode masa. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ammar ma ban gaya masa ba, yana can yana tambaya ko Anti Dakta za ta zo.

Baffa, da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ko kasuwa, ya sa an ɗauke shi a mashin zuwa Falgore. Ya ce sai ya tsaya a sahun sallarta.

Ta bar miji, da 'yan mata biyu ƙanana, da mahaifiya tsohuwa.

Allah ya jiƙan ki Binta. Ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya raya miki abin da kika bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu. In ka ɗaga hannu kuma, kar ka sauke sai ka ambaci Ammar.