Hanyar da Baba Direba Ya Fi So

Baba Direba ya tsufa a bayan sitiyarin jif, yana kai masu yawon buɗe ido inda kwalta ba ta kai ba. Duk rafin da suka tarar sai ya sauka, ya naɗe wando, ya ratsa ruwan da ƙafa don ya ji inda laka take kafin ya saka mota. Su kuwa suna ciki suna ɗaukar hoto. Yanzu bayansa ba ya miƙewa sai ya dafa ƙofar mota.

Da ya dawo daga wata doguwar tafiya, 'yarsa ta kawo masa ruwan ɗumi a roba, ya tsoma ƙafafunsa da suka tsattsage.

"Baba, wace hanya ka fi so, ta duwatsu ko ta rairayi?"

Baƙi ma haka suke tambayarsa, yana ba su amsar da suke son ji.

"Wadda ta taso daga gareji zuwa ƙofar gidan nan, 'yar nan. Ita kaɗai ce ban taɓa sauka na duba ba."