Tarihin Perpetua Nanfuka, Telar da Ta Durƙusa wa Yarinya

Haihuwa

An haifi Perpetua Nanfuka a shekarar 1961 a garin Masaka, mahaifinta Petero Ssebunya manomin ayaba, mahaifiyarta Roza Namusisi.

Sana'a da aure

Bayan ta kammala firamare a 1975 ta koyi ɗinki da keken ƙafa, sana'ar da ta riƙe shekara arba'in ba ta taɓa yarda da keken lantarki ba, don taurin kai kam akwai shi. A 1983 ta auri Yowana Matovu, direban babbar mota.

Jinya

A 2018 ƙafarta ta hagu ta fara mutuwa, likitocin Kampala suka gano ƙari a cikin lakar bayanta, suka bayyana mata cewa cire shi na iya gurgunta ta.

"Ɗana, ka yanki abin da za ka yanka," in ji ta ga likitan da zai yi mata tiyata, "amma ƙafafun nan ba naka ba ne, ka bar min kayana."

Ranar tiyata aka soka mata ƙananan allurai a ƙafafu, aka haɗa su da na'urar da ke nuna ko saƙon jijiya yana isa, aka damƙa lura da na'urar ga wata ma'aikaciya, Agnes Akello, 'yar shekara ashirin da shida. Ana dab da gamawa saƙon ƙafar hagu ya ɓace.

"Likita, dakata!" in ji Akello.

Ya dakata har saƙon ya dawo, ya bar ragowar ƙarin da ya manne wa laka.

Warkewa

Bayan wata biyar ta koma asibitin da ƙafarta, ta nemi Akello, ta durƙusa mata gwiwa biyu, gaisuwar da a wurinmu ƙarama ke yi wa babba.

"Haba Mama, tashi, za ki ja min baki!"

"Yi min shiru. Gwiwoyin ai ke kika tsare su."

Mu danginta da muka raka ta muka gani sai da muka yi hawaye.

Rasuwa

Ragowar ƙarin ya sake girma, ta ƙi tiyata ta biyu. Ta rasu ranar 9 ga Mayu, 2024, aka naɗe ta da ƙyallen ɓawon itace bisa al'adarmu, aka binne ta a gonar ayabar dangin mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Nalubega, Namatovu da Bukenya, wanda ya shaida cewa duk tsawon jinyarta ba ta taɓa bari sun ɗauke ta ba, sai ranar da suka ɗauki gawarta.