Kwana Uku a Istanbul: Ni da Surukina da Yunwa

Litinin: daga Jidda zuwa Aksaray

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka fito daga gidanmu da ke Aziziyya, ni da surukina Baba Alhaji Ɗahiru, mahaifin matata Hajara. Bahaushen Sudan ne, shekararsa saba'in da uku. Da ƙuruciya ya yi aikin shara a ƙarƙashin tsofaffin rumfunan da Turkawa suka gina a Harami, kuma tun lokacin yake cewa sai ya ga garin masu wannan hannu. Ɗansa da ke Dammam ya saya masa tikiti don su je tare, sai kafilinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, ya hana shi hutu. Nan ido ya dawo kaina, domin shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya na koyon boko, kuma an ce Turkawa da baƙaƙen boko suke rubutu. Malaminmu ya ce in rubuta abin da na gani, a karanta a aji, a aika wa mutanen gida. To, ga shi.

A bakin ƙofa Hajara ta miƙo mini ledar magani. Baba yana da ciwon sukari, in ya sha ƙwayarsa da safe bai ci abincin rana ba, jikinsa rawa yake ɗauka, har ya taɓa faɗuwa a unguwar Ammariyya.

"Abu Usman, abu biyu kawai," in ji ta. "Kada ya fita daga idonka, kuma ka tabbatar ya ci."

Na ce halas, an gama. Sai da mota ta hau babban titi na gane abin da na amsa. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa ta fari, ban taɓa tauna ko ƙwayar dabino a gabansa ba, shi ma bai taɓa ci a gabana ba. In ya zo gidanmu, tire biyu ake yi, ɗaki biyu. Yaya zan ga ya ci, alhali in ina gani ba zai ci ba?

A filin jirgi aka duba fasfo da biza da iƙama, wato takardar zaman ƙasa, da izinin fita da dawowa. Mun tashi bakwai da minti arba'in. Da aka kawo karin kumallo Baba ya ce alhamdu lillahi, ya karya a gida. Ni ma na ce alhamdu lillahi. Wani Balarabe da ke zaune ta bakin taga ya tambaya ko azumi muke, muka ce a'a, sai ya jawo tirenmu biyu ya haɗa da nasa.

Sha ɗaya da rabi muka sauka. Agogonsu ɗaya da na Jidda, amma iskar ba ɗaya ba ce, a ɗauki rigar sanyi. Daga filin jirgi zuwa tsohon gari tafiyar kusan kilomita hamsin ce, bas ta kai mu unguwar Aksaray cikin awa ɗaya da minti ashirin. Masaukinmu ƙaramin otal ne a wani lungu, ɗaki ɗaya, gado biyu, hawa na uku. Mai otal ɗin, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, Haji yake ce mana mu duka, in ya kira sai mu waiga tare.

A nan na samo dabara. In kawo abinci in ajiye, in ce zan duba wani abu a ƙasa, in tsaya a baranda ina karanta rubutun da ke jikin tukunyar kashe gobara har sai na ji ƙarar cokali ta tsaya. Ni kuma in ci nawa a kan matakala. A otal dai komai lafiya. Matsalar tana kan titi.

Talata: Sultanahmet

Wanda zai zagaya tsohon gari ya sayi katin shiga jirgin ƙasa na kan titi, kati ɗaya ya ishi mutum biyu. Daga Aksaray tasha ta huɗu ce Sultanahmet. Na yi niyyar karanta sunan kowace tasha da kaina, amma kafin in haɗa baƙi na huɗu da na biyar jirgin ya wuce allon, sai na koma ƙirga da yatsa cikin aljihu. Baba ya gani, ya kau da kai.

Ƙarfe tara muka shiga babban fili. Masallatai biyu ne suke kallon juna, ɗaya mai hasumiya shida, ɗayan jajaye-jajaye, shi ne Ayasofya, an ce ya girmi duk ginin da ke wurin. Ba a barin takalmi a bakin ƙofa kamar namu, leda ake sa shi a shiga da shi. A nan aikina ya ƙare, na Baba ya fara. Duk rubutun da ke saman ƙofofi da cikin ƙubba da baƙin Larabci ne, ya ɗaga kai yana karanta ayoyi ɗaya bayan ɗaya, har wasu baƙi suka biyo mu suna zaton ɗan jagora ne. Muka raba garin: sabo nawa, tsoho nasa. Ya dafa wani ginshiƙi ya daɗe, sannan ya ce hannun nan ya san shi.

Bayan azahar na saya masa simit, wato burodi mai kamar awarwaro da riɗi a jikinsa, ana sayarwa a jajayen amalanke ko'ina. Na zaunar da shi a benci, na ce zan je in karanta wancan allon. Na ba shi baya, na ɗaga waya kamar mai ɗaukar hoton kansa, ina hango shi ta ciki. Ya juya burodin, ya sunsuna, sannan ya fara gutsurawa yana jefa wa tattabaru. Minti goma na tsaya ina kallon abincin surukina yana shiga cikin tsuntsaye.

Da na dawo ya ce, "Malam, ka gama karatun? Na ga allon a gabanka yake, amma ƙeyarka ce ke karantawa."

Ƙarfe uku muka koma otal, hannunsa na ɗan rawa a kan sanda. Ya ci a ɗaki. Na ci a matakala, kyanwar otal tana zaune kusa da ni tana jiran rabonta.

Laraba: Rufaffiyar Kasuwa

Tasha biyu ce daga Aksaray, a sauka a Beyazit. Kasuwar gari ce guda aka yi wa rufi, da tituna da ƙofofi barkatai. Layin zinariya daban, na darduma daban, na fitilu masu launi daban, kuma kowane layi kamar wanda ka baro. Shawarata ga mai zuwa: ya riƙe lambar ƙofar da ya shiga. Ni ban riƙe ba.

Na yanke cewa yau sai ya ci, ko da zan karya umarni na farko. Ƙarfe ɗaya saura kwata na kai shi wani ɗan gidan abinci a cikin kasuwar, na nuna wa mai gidan tukunyar wake da shinkafa, na nuna Baba. Na ce masa zan fita da gaske, minti goma sha biyar, ba waya, ba ƙeya. Ya ce Allah ya tsare.

Na fita ta wata ƙofa na sami mai gasa masara. Ban taɓa cin masara mai daɗin wannan ba, sai da na ci biyu. Na komo ta ƙofar da nake zaton ita ce, ashe ba ita ba ce. Minti ashirin ina zagaye kafin in ga gidan abincin. Ga wake da shinkafa a tebur ko cokali ba a sa ba, ga kujera, babu Baba. Mai gidan ya nuna hagu, wani ya nuna dama.

Ana cikin haka Hajara ta kira, kiran da ake ganin fuska. Na juya wayar wajen fitilu na ce ta dubi kyawun nan. Ta ce ta gani, ina Baba? Na ce yana nan cikin kasuwa, kuma Allah ya sani ban yi ƙarya ba. Ta ce ya ci? Na ce an zuba masa. Wannan ma gaskiya ce. Da ta ce in ba shi wayar sai na ce murya na yankewa, ita ce ƙaryar da na yi, na kuma roƙi gafara daga baya.

Minti arba'in na yi ina nema. Na same shi a shagon darduma, an ba shi kujera da shayi ba sukari, yana koya wa mai shagon yadda ake cewa sannu da aiki. Ya ce ya ga na wuce lokaci, sai ya tashi nemana tun kafin abincin ya huce, don Hajara ta ce masa kada ya bari in ɓace. Ashe shi ma an ba shi amana, kuma ni ne amanar.

Alhamis: Sulaimaniyya, Eminonu da jirgin ruwa

Jirginmu na komawa ƙarfe biyar na yamma ne, don haka tun bakwai da rabi muka miƙa makulli, muka bar jakunkuna wurin mai gashin baki. Sai da na miƙa na tuna cewa ɗakin nan shi ne kaɗai wurin da Baba ke ci. Ga shi saboda sauri rabin burodi ya ci, ƙwayar kuwa ya haɗiye ta cif.

Masallacin Sulaimaniyya a kan tudu yake, kuma tudun Istanbul ba irin na Jidda ba ne, don Jidda ba ta da shi. Mai tsoho ya ɗauki tasi. Mu da ƙafa muka hau, don Baba ya ce wanda ya hau Arfa ba ya tsoron tudun Turkawa. Daga farfajiyar bayan masallacin ana ganin ruwa da jirage da rabin gari. A nan ya yi nafila ya yi addu'a mai tsawo. Sannan muka gangara Eminonu, bakin ruwa, inda ƙamshin gasasshen kifi ke tare mutum tun daga nesa. Na tambaye shi ko zai taɓa. Ya ce alhamdu lillahi.

Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar, ɗaya gefen garin, tafiyar kamar minti ashirin, da katin nan dai ake shiga. Muna tsakiyar ruwa na ga gumi a goshinsa, alhali iska na kaɗa hula. Sandar ta zame daga hannunsa. Na tambaye shi lafiya, ya amsa da wata magana da ba ta haɗu ba.

Ga mai shayin jirgi yana wucewa. Na ɗauki kofi, na zuba sukari uku, na kai masa baki, ya sha, don sha ba ya cikin abin da muke ɓoye wa juna. Na sayo simit biyu na sa masa ɗaya a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in je in duba wani abu a ƙasa. Na duba hagu ruwa, dama ruwa. In na tashi ya faɗi, me zan faɗa wa Hajara?

Sai na durƙusa a gabansa, na ce, "Baba, ka yafe mini." Na buɗe baki na gatsi nawa, ina kallonsa ido cikin ido. Riɗi ya zubo mini a gemu. Da a ce jirgin ya tsage na shige ƙasan teku a lokacin, da na gode.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ashe haka kake tauna. Kamar raƙumi."

Ya kai nasa baki. Muka ci, shi yana kallon gabar Turai, ni ina kallon ta Asiya. Kafin mu isa Uskudar gumin ya bushe, ya karɓi sandarsa da kansa. Da muka komo Eminonu shi ya ja ni wurin masu kifi, muka zauna kan 'yan kujeru muka ci kifi cikin burodi da albasa. Yana goge hannu ya yi mini fatawa. Ya ce sallar da Allah ya wajabta ma, in mutum yana tafiya raka'a huɗu biyu take komawa, to kunya ba ta fi salla ba, ita ma ƙasaru ake yi mata. Na ce da Baba ya faɗi haka tun Litinin, da Balaraben nan bai ci tire uku ba. Ya ce fatawa ba ta zuwa wa mai ƙoshi.

A jirgin komawa kowa ya cinye tirensa.

Gida

Goma da kwata muka shiga gida. Hajara ta riga ta jera tire biyu, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakina. Tun kafin mu zauna ta tambaye ni ko Baba ya ci. Shi ya amsa mata, ya ce ya ci, kuma mijinta ma ya ci, da idonsa ya gani. Ta tsaya da ludayi a hannu tana dubanmu, kamar wadda aka ce mata mun dawo a ƙafa. Ni kuwa, da ƙarfin gwiwar matafiyi, na fara naɗe hannun riga zan zauna gefen tirensa.

"Malam," in ji Baba, "mun shigo gari. Ƙasaru ta faɗi."

Na miƙe na nufi ɗakina. Ina bakin ƙofa ya kira ni, ya juya fuska wajen bango, ya miƙo mini wani ƙunshi ta baya. Rabin simit ne da ya ɓoye a aljihu. Na karɓa da hannu biyu, na rufe ƙofa, na cinye.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ni da amanata, shi da tasa. Na gode wa malaminmu da 'yan ajinmu, waɗanda saboda su na iya karanta Eminonu kafin jirgi ya wuce, don a nan layin ya ɗan tsaya. Wanda kuma zai je da surukinsa, ya nemi fatawar nan tun daga filin jirgin Jidda.