Neman Kuza a Sararin Samaniya

Shekarun baya, lokacin da wani dogon yajin aiki ya rufe mana kwaleji a Gidan Waya, na tattara 'yan komatsaina na koma gidan yayata a Kafanchan, na kama zaman kashe wando. Abin da ya hana ni zaucewa shi ne wata tsohuwar laftof da abokina mai gyaran kwamfuta ya ba ni aro, da wani wasa da ya saka mini a ciki. A wasan kai ɗan sama jannati ne, an yar da kai tsakanin manyan duwatsu masu yawo a sararin samaniya. Aikinka ka haƙa duwatsun, ka gane wane ma'adini ne wanne, ka narka, ka ƙera jirginka da kanka. Ni da ko ƙusa ban iya bugawa a miƙe ba, sai ga ni na zama injiniya.

Ana cikin wannan zama aka kawo mahaifiyata daga ƙauyenmu, can wajen Nok. Hawan jini ne ya buge ta a gona, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ubangiji ya taimaka, ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya dawo, har ya fi da. Hannun ne ya ƙi. Likita ya ce idan ta zauna ana yi mata gashin ƙashi, tana kuma motsa yatsun kullum a gida, akwai sa rai. Idan kuwa ta koma ƙauye ta ajiye shi, zai sandare ke nan. Yayata tana fita aiki tun da safe, don haka ni aka ɗora wa tsaron Mama, da umarni guda: kada ka bari ta tafi.

Wanda ya san mahaifiyata ya san ba ƙaramin aiki aka ba ni ba. Cittarta tana can gona, damina tana ja da baya, lokacin tono yana matsowa, ita kuma an ce ta zauna a falo tana kallon bango. Kowace safiya maganar ɗaya ce, ranar Asabar za ta tafi. 'Yar ƙwallon roba da aka ba ta a asibiti don ta riƙa matsawa, ta kyautar wa yaran maƙwabta, ta ce ita ta wuce wasa. Hannun kuwa ta ɗora shi kan cinya ta lulluɓe da gefen zani. In na yi mata magana sai ta ce hannun ya yi nauyi, ba nata ba ne kuma. Na lallashe ta, na tsorata ta, na kira Fasto ya zo ya yi addu'a ya haɗa da faɗa. Ta ce amin da ƙarfi, ta ci gaba da shirya jakarta. Gaskiya tsoro ya kama ni, don na ga alamar ta riga ta yafe hannun a ranta.

Wata rana da yamma ina falo ina wasana, laftof ta ɗau zafi kamar dutsen guga, na manta ma Mama tana bayana. Na sa injin haƙa a jikin wani dutse, ɓarɓashi yana fita yana yawo. Sai na ji muryarta.

"Kai, me ya sa dutsen ba ya faɗuwa?"

Na juya na ce ai a sama ake, kuma a can babu abin da ke da nauyi. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Na ƙara da ɗan abin da na tuna daga ajin kimiyya, wanda ni kaina ban gama fahimta ba, ina magana ina jin ina nutsewa. Ta bar ni na gama shirmena, sannan ta jawo kujera da ƙafa ta matso.

"To in babu nauyi, yaya za ka san kuza?"

A ranar na fara sanin cewa tana yarinya, kafin a san za a haife mu, ta yi wankin kuza. Ta ce su 'yan mata sukan sauka rafi da ƙwarya, su ɗebi yashin da maza suka haƙo, su riƙa juyawa cikin ruwa a hankali. Yashin banza yana bin ruwa ya tafi, kuza kuwa saboda nauyinsa sai ya kwanta a gindin ƙwarya, baƙi wuluk da ɗan ƙyalli. Ta ce akwai wani baƙin yashi mai kama da shi sak, wanda ya sha ba sababbin shiga kunya. Ido yana ruɗuwa, in ji ta, amma da ka ɗaga ƙwaryar hannunka zai gaya maka gaskiya. Na zauna baki buɗe. Duk rayuwata da citta da coci kawai na san matar nan.

Na nuna mata yadda muke yi a wasan. Akwai wata 'yar na'ura da ke rubuta sunan ma'adini idan ka matso kusa da shi, amma daga nesa launi kake bi: ka zaga dutsen kana duban inda fatarsa ta canza. Ta ce wannan aikin ragwaye ne. Amma ba ta tashi ba. Ta tambaye ni ko na taɓa samun kuza a can. Na gaya mata gaskiya, ban taɓa gani ba, amma ni ma sabon shiga ne, ban ga rabin abin da ke ciki ba. Ta ƙura wa allon ido, sannan ta ce sai ta ga kuzan sama da idonta kafin ta tafi. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Asabar ta zo ta wuce, jaka tana jingine a bayan ƙofa, ba wanda ya tanka. Da mun dawo daga asibiti, in akwai wuta, sai ta ce in kunna mata duwatsunta. Sunayen Turancin da ke fitowa a allo ba su dame ta ba, ta raɗa musu nata. Mai ja-ja, wanda ake samun ƙarfe a ciki, ta kira shi ƙasar citta. Mai shuɗi ya zama bula, irin ta wanki. Mai fari-fari toka. Mai ruwan ɗorawa, wanda na yi ta rawar jiki ina gaya mata zinariya ce, ta dube shi sama da ƙasa ta ce kashin jariri. Da muka sami ƙanƙara a cikin dutse, na ce daga ita ake samun iskar shaƙa, ta riƙe baki ta ce lallai akwai abin da za ta tambayi Ubangiji in ta je.

Tambayoyinta ba sa ƙarewa, yawancinsu kuma ban da amsa. Wa ya mallaki dutsen, ko haka kawai kowa ke zuwa ya haƙa ba sallama? Ina rafi, tunda kuza rafi yake bi? Me ya sa nake shiga rami ni kaɗai ba kowa a baki? Wannan ta ƙarshe ta ɗauke ta da gaske. Duk lokacin da ɗan mutumin nawa ya nutsa cikin dutse, sai ta gyara zama ta ce ita ce a bakin rami, in iska ta kusa ƙarewa ta yi ta yi mini tsawa in fito. Ni kaina sai na soma ganin wasan da wani ido. Da gina jirgi nake yi, yanzu na koma ɗan leburan Mama, jirgin yana can rabi da rabi.

Sau ɗaya muka ɗauka mun dace. Can cikin wani kogo muka hango baƙin abu yana ƙyalli. Ta buga cinyarta da hannun hagu ta ce shi ne, ko a mafarki ta san shi. Har waƙar yabo ta fara. Da na matsa kusa, na'ura ta rubuta yuraniyom, abin da ke ba injin jirgi wuta. Na karanta mata. Ta ce na'urar ce ba ta sani ba. Ta yi fushi da mu duka biyu, ni da na'urar, har lokacin tuwo.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Da baki take haƙa. Na sha tura mata maus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, in ce Mama gwada da kanki, danna nan kawai. Sai ta kau da kai ta ƙara jan zani ta rufe hannun. A asibiti suna lanƙwasa shi suna miƙewa, a gida yana kwance. Mai gashin ƙashin ya ja ni gefe ya ce aikinsu shi kaɗai ba zai isa ba.

Sai abokina mai laftof ɗin ya zo dubiya, da ledar lemo a hannu. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga abin da muke yi, ya tambayi me muke nema haka tun ɗazu muna zaga dutse ɗaya. Mama ta gaya masa da alfahari. Ya fashe da dariya.

"Mama, kuza? E no dey o. Babu shi a gem ɗin nan sam. Waɗanda suka yi shi ba su saka ba."

Na yi ta harararsa, amma magana ta riga ta fita. Mama ta tambaye shi a hankali, wannan saman Allah ne ya yi shi ko mutum. Ya ce mutane ne, Turawa. Ta gyaɗa kai ta ce shi ya sa. Ta yi masa godiyar lemo, ta tashi ta shiga ɗaki. Da yayata ta dawo, Mama ta ce a nemo mata mai mota, wannan Asabar ba fashi. Muryarta a kwance take, ba faɗa, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Na ji haushin abokina, na ji haushin kaina, na ji haushin Turawan da suka tuna da zinariya suka manta da kuza.

Washegari da rana na fita kasuwa sayo mata maganin da za ta tafi da shi. Jikina a sanyaye, ko rufe laftof ɗin ban yi ba. Da na dawo, tun daga tsakar gida na ji ƙarar injin haƙa. Na zaci yaran maƙwabta ne suka shigo, na taho da niyyar zuba musu ranƙwashi.

Mama ce zaune a kujerata. Ta ɗora hannun dama a kan maus, ta riƙe wuyansa da na hagu tana turawa, goshinta duk gumi. Ɗan sama jannatin yana ta hajijiya, yana haƙa inda babu komai, ya yi wa dutsen ramuka barkatai. Amma maɓallin ba ya dannuwa da kansa. Na tsaya ina duban yatsanta manuni, yana sauka, yana ɗagowa, yana rawa, yana sake sauka. Ba ta ko juyo ba.

"Abokinka ya ce babu," in ji ta. "Shi ya haƙa duka ne?"

Na ce a'a, Mama, bai haƙa duka ba. Ta ce to in daina tsayuwa kamar gunki, in zo in riƙe mata bakin rami, iskarta ta kusa ƙarewa.

Ba a nemo mai mota ba. Ta zauna har asibiti suka sallame ta da kansu, cittar kuma matan zumunta na cocinmu suka haɗu suka tone mata. Kuza dai ba mu samu ba, kuma daga baya na bincika na tabbatar abokina ya yi gaskiya. Hannun ma bai dawo duka ba, ƙaramin yatsa da na kusa da shi har yau a lanƙwashe suke. Amma tana ɗaura zaninta, tana tuƙa tuwonta, tana riƙe fartanya in ba wanda ke kallo.

Na sha tunanin abin. Mun ba ta magani, mun ba ta tsoro, mun ba ta wa'azi, duk a kan hannun, ita kuwa ta gaji da zancen hannu. Abin da ba wanda ya yi tunanin ba ta shi ne tambayar da ba ta san amsarta ba. Yanzu da nake koyarwa, in na ga ɗalibi ya lulluɓe kansa ya yi shiru a bayan aji, nakan rage faɗa in nemi abin da zai sa shi ya matso da kujera. Ba kullum nake dacewa ba.

Ranar da muka raka ta tasha, ta riga ta zauna a mota sai ta yafito ni ta taga. Na sunkuya ina zaton albarka za ta sa mini. Sai ta kama kunnena ta murɗe, ta ce in aka buɗe makaranta in ajiye wasan nan in kama karatu, kada ta ji wani labari. Ta murɗe shi sosai, har hawaye ya zo mini. Sai da motar ta fita daga tasha, ina tsaye ina shafa kunnen, na lura da hannun da ta yi amfani da shi.