Na'urar da Baba ya zaɓa a Dapaong

Baba mai gyaran akwatunan sola ne a Zangon Sokodé, irin waɗanda ke raba wuta tsakanin batir da fitilun gida. Yana da wata al'ada da ke ƙular da masu sauri: ko waya ɗaya ya gyara, sai ya sake gwada komai, har abin da ba a ce ya lalace ba, don gyaran wuri ɗaya yakan taɓa wani. Kayan gwajinsa katako ne da ya kafa wa ampul huɗu, wato ƙwan fitila, da 'yar fanka da wurin cajin waya. Ɗaya bayan ɗaya yake jona su.

Ina aji biyar na lura ya daina kallon ampul ɗin. Yatsa yake ɗorawa ya jira ɗumi. In ƙusa ta faɗi, da tafin hannu yake lalube ta. Ban gaya wa kowa ba, har Mma, mahaifiyata.

Da aka yi hutu ya ce in raka shi Dapaong wurin ƙanensa, Baffa, mai kawo kaya daga Cinkassé. Wai akwai na'urar da ke yin gwajin nan duka da kanta, ka jona akwati ka danna kawai. Na ji yana ce wa Mma, "In na samu wannan, ba zan rufe shago ba."

Baffa ya fito da guda biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya sabuwa ce mai gilashi, tana gwada abubuwa da yawa ta rubuta sakamakon da ƙananan haruffan Faransanci. Ɗayar tsohuwa, an ɗaure murfinta da roba. Gwajinta kaɗan ne, amma ƙara take yi: gajeruwa in lafiya, doguwa in da matsala.

Hannun Baba yana kan tsohuwar. Na ga babban yatsansa ya sami maɓallin ba tare da ya duba ba.

"Haba Yaya," in ji Baffa yana dariya, "wannan ai ta makafi ce. Kuka kawai ta iya, kamar akuya."

Mutum uku da ke zaune a kan benci suka taya shi dariya. Baba ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu.

Baffa ya juyo gare ni. "Ke 'yar lakwal mai karatun boko, wacce za ki zaɓar wa babanki?"

Na san amsar. Amma in na nuna tsohuwar, za a tambaye ni dalili, a gaban ƙanensa, a gaban baƙi. Na kalli takalmina na ce, "Duk wadda Baba ya ce."

Baba ya ɗauki sabuwar. A mota ya rungume ta a cinya har Sokodé, bai ko ci burodin da muka saya a tasha ba.

In na taso daga makaranta ina karanta masa abin da gilashin ya rubuta, aiki ya tafi daidai. Da safe kuwa shi kaɗai ne. Wata rana ya danna, ya jira, ya mayar wa wani mahauci akwatinsa, alhali gilashin na nuna batir ba ya caji. Firij ya mutu, nama ya lalace. Mahaucin bai yi faɗa ba, ya dai kai aikinsa wani wuri, sauran masu kawo gyara suka bi shi. Kafin damina Baba ya rufe shagon.

Da Baffa ya ji gaskiyar ciwon idon Baba ya zo har gida, ya zauna a bakin tabarma ya kasa ɗaga kai. Ya ce tsohuwar na'urar kam, wani mutumin Gando ya saye ta tuntuni.

Baba bai taɓa tambayata abin da ya sa na yi shiru ba. Ban ma sani ba ko ya san na sani. Na'urar tana kan kabad, Mma ta rufe ta da tsohon ɗankwali. Wani lokaci yakan ce in sauko da ita in kunna, ya tambaye ni me ta rubuta. Nakan ce, "Baba, ta ce ba a jona komai ba." Sai ya gyaɗa kai ya ce in mayar.