Katin Ganyen da Yayana Ya Kira Shara

Shekarun baya can, muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, kakata ta koma Damagaram bayan ta tsufa a Madina. Ba a jima ba labari ya iso cewa idanunta sun mutu. Duk wanda ya zo Umara daga can maganarsa ɗaya ce: tsohuwa ba ta da zance sai na Madina.

Lokacin ina sakandare, an koya mana haɗa kati da busasshen ganye. Na ce ai kuwa ga abin da zan aika mata, tunda shi ba sai da ido ba.

Mahaifiyata ta ja mini kunne cewa a haramin Madina ba a tsinkar ganye, sai wanda ya faɗo da kansa. Haka na jira zafi ya fara sauka, na dinga bin gindin magarya a hanyar makaranta ina tsince-tsince, abaya na sharar ƙasa. Har maƙwabta suka fara tambayar ko lafiyata ƙalau. Na danne ganyen ƙarƙashin buhun shinkafa kwana goma, na manna su a kwali da gam, na shafa lalle a gefe, na ɗinka ƙyallen tsohon mayafinta, na cusa na'ana'a daga kicin. Kyau dai, gaskiya, babu. Kamar akuya ta tauna ta tofar.

Yayana ne ke haɗa saƙon da wani Alhaji zai tafi da shi. Ya ɗaga katin da yatsa biyu ya ce da Larabci, "Esh hada?", wato mene ne wannan. Na ce na Kaka ne. Shi da ba ya son yin Hausa, ranar sai ga ta tiryan-tiryan, don dai in ji zafi: "Mutane na aika dabino da turare, ke za ki aika shara? So kike a ce mun tsiyace?" Ya jefa shi kan firij.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yaya, dabinonka jikoki za su cinye, turarenka unguwa za ta shafe. Wannan nata ne ita kaɗai. In ba ka kai ba, ai ƙafata ba ta karye ba."

Washegari na tasa mahaifiyata gaba, tana mita ina sauri, har masaukin Alhajin a unguwar Sultana. Bawan Allah ya juya katin, ya shinshina, ya sa shi a aljihun rigarsa.

Bayan wata biyu kaset ya iso daga Damagaram. Muka kewaye rediyo, har da yayana. Kaka ta gaida kowa da kowa, sai muka ji motsin kwali. "Wannan magarya ce," in ji ta. "Nan kuma mayafina ne, ja'ira, ashe ke kika yanka shi." Ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Yau na kwana a Madina."

Yayana ya tashi ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake kunnawa. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma tun daga ranar, in dai na san wanda nake yi wa abu, ba na tsayawa jin ra'ayin mai ɗaure kaya.