Jan Ƙyalle a Ƙofar Toeaso

A ƙauyenmu na bakin teku, a tsibirin Upolu na ƙasar Samoa, da wuya ka sami wanda ya girma hannun Toeaso bai taɓa jikinsa ba. Mai tausa ce, ta gada wurin kakarta. Da man kwakwa da ganye take aiki, ladanta kuwa gwaza ne ko kifi, ta karɓa tana tsiya wai kifin ya rame. Ga baki! Fasto kansa da ya zo da ciwon baya sai da ta ce masa, "Ranka ya daɗe, bayan ba shi da laifi, tumbin ne ya yi masa nauyi." Ya yi dariya, ya kwanta, ya tashi garau.

Shekarar da ƙyanda ta shigo Samoa, yara da yawa ba su da riga-kafi. Iyaye sun tsorata tun da aka ji wasu jarirai biyu sun mutu bayan an yi musu allura, kuma Toeaso tana cikin masu cewa a bari. 'Yarta Pelenise da mijinta Tavita a gidanta suke zaune da yaransu biyu, Siaki mai shekara huɗu da Iuni da ta fara rarrafe. Ba wanda ya ga allura a cikinsu.

Siaki ne cutar ta fara kamawa. Zazzaɓi, tari, idanu jajur, sannan ƙuraje suka feso daga bayan kunne har ƙafa. Toeaso ta aika da Iuni gidan gwaggonta, ta sauke asabari, ta zauna tana shafa wa yaron mai tana masa waƙa.

"Tina, mu kai shi asibiti," in ji Pelenise, don Tina muke ce wa uwa a nan. "Ji yadda yake numfashi."

"Ke, rufe mana baki! Yara nawa na tayar kafin a haife ki?"

Ranar da ta yarda aka ɗauke shi zuwa asibitin Apia, babban birni, ciwon ya riga ya sauka a ƙirji. Allah sarki, gawarsa aka dawo da ita. Aka binne shi a gaban gida, yadda muke binne namu. Kada wani ya ce mini muguwa ce. Na ga matar nan zaune bakin kabarin, ta zama kamar tsumma, har yau in na tuna zuciyata ƙuna take.

Ba a jima ba rediyo ta ce kowa ya zauna gida, ba kasuwa ba mota, duk gidan da ke da wanda ba a yi wa riga-kafi ba a ɗaura jan ƙyalle, masu allura za su tsaya. An dawo da Iuni, lafiyarta ƙalau, amma ciwon yana ta bin gida-gida.

Tavita ya ce atafau. "Ba mai soka wa 'yata allura. Ɗaya ya tafi, so kuke ku ƙarasa ni?"

Toeaso ta miƙe. Ta shiga ta ɗauko jan zanenta, ta fita bakin hanya ta ɗaura a jikin itacen kwakwa, inda duk ƙauyen zai gani. Maƙwabcinta, tsoho Lemapu, ya leƙo.

"A'a, Toeaso! Man kwakwar ne ya ƙare?"

"Ya ƙare, Lemapu. Je ka ɗaura naka, jikokinka ba da ƙarfe aka yi su ba."

Tavita ya fito zai kwance. Ta tare shi. "Ɗana, na ce a bari, kun ji maganata, ga inda ta kai mu. Yau kuma na ce a yi. In ka taɓa zanen nan, sai dai ka fara ture ni." Ya tsaya, ya dubi kabarin, ya koma ciki yana share ido.

Nan Toeaso ta tsaya cikin rana, wai kada motar masu allura ta wuce ba su gani ba. Da ta iso, wata nas ta sauko da akwatin allura, Pelenise ta fito rungume da Iuni.

"Sannu, Tina," in ji nas. "Yara nawa ne a gidan?"

"Biyu," in ji Toeaso.

Idon tsohuwar yana kan kabarin. Pelenise ta miƙa wa nas hannun jaririyar, ta ce a hankali, "Ɗaya ce."